Sukari Yana Fashewa? Fashin Baƙi Kan Gwajin Niƙaƙƙen Kaya a Masana'antu

Duk sanda aka ji labarin wata masana'anta ta tarwatse, aka ce ƙurar sukari ce ko ta katako ko ta ƙarfe ta fashe, tambayar mutane ɗaya ce: ta yaya abin da ba fetur ba, ba albarushi ba, zai rushe ginin kankare? Wasu ma sai su ce akwai abin da ake ɓoyewa. Masu harkar masana'antu kuma suna da tasu tambayar, wadda ba ta kai ta farko tashin hankali ba amma ta fi ta yawan aukuwa: an sayo kaya, takardar ɗakin gwaji ta ce sinadarin tsaf yake, kashi 99 cikin ɗari, to me ya sa ya ƙi zuba daga rumbu, ko ya dunƙule, ko maganin da aka yi da shi ya ƙi aiki yadda aka saba?

Tambayoyin biyu tushensu ɗaya. Sanin sunan sinadari da tsarkinsa bai isa ya gaya maka halinsa ba idan ya zama gari. Girman ƙwayoyinsa, siffarsu, danshin da ke jikinsu da iskar da ke tsakaninsu, su ne ke juya shi. Aikin ɗakin gwaji ke nan, auna waɗannan abubuwa kafin su yi ɓarna.

Abin da ake nufi da gari, tsaki da ƙura

Gari a nan shi ne duk wani busasshen abu da aka niƙa ya yi laushi: siminti, hodar magani, sinadarin fenti, garin ƙarfe, kayan batir. Tsaki kuwa ƙwayoyi ne masu ɗan girma da ido ke iya bambancewa, irin na takin zamani ko ƙananan ƙwayoyin roba da ake narkarwa a yi bokiti da bututu. Ƙura ita ce mafi laushin ɓangaren, wadda ke tashi ta rataya a iska.

Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa mikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida dubu. Kaurin gashin mutum yana tsakanin mikiron 50 zuwa 100. Yawancin ƙwayoyin siminti ba su kai haka ba.

Abin da ya sa niƙaƙƙen kaya ke da wuyar sha'ani shi ne ba ya tsayawa a hali ɗaya. Idan ka tara shi, ya tsaya kamar dutse. Ka karkata mazubin, ya kwarara kamar ruwa. Ka hura masa iska, ya tashi kamar hayaƙi. Injiniya yana da lissafin ruwa, yana da na ƙarfe, amma wannan yana yawo ne tsakaninsu.

Ga wani ɗan lissafi da zai buɗe sauran bayanin. Ɗauki dunƙule mai fuska shida kamar akwati, santimita ɗaya ta kowane ɓangare. Faɗin bayansa gaba ɗaya murabba'in santimita 6 ne. Farfasa shi zuwa ƙwayoyi masu mikiron 10, za ka samu ƙwaya biliyan ɗaya, faɗin bayansu kuma ya koma murabba'in santimita 6,000. Nauyi bai ƙaru ba, sinadari bai canza ba, amma wurin da iska, ruwa ko wuta za su taɓa ya ninka sau dubu. Narkewa da sauri, shan danshi, mannewa da juna, kamawa da wuta, duk daga nan suke fitowa.

Matsalar farko tana wurin ɗibar samfuri

Mutane sukan ɗauka cewa gwaji yana farawa ne a gaban na'ura. A'a, yana farawa ne a wurin wanda ya ɗebo samfurin, kuma a ganina nan ne aka fi yin kuskure ba tare da an sani ba.

Dalili kuwa, niƙaƙƙen kaya yana rarrabe kansa da kansa. Zuba cakuɗen manya da ƙananan ƙwayoyi su yi tsibi: manyan za su gangara gefe, ƙananan su taru a tsakiya. Ɗora shi a mota ta yi ta girgiza shi a hanya: ƙananan za su sulale ƙasa ta tsakanin manyan, manyan su hau sama. Wanda ya sa cokali ya ɗebo daga saman buhu, ba buhun ya ɗebo ba, saman buhun kawai ya ɗebo. Kuma daga tan ashirin na kaya, abin da na'ura za ta duba wani lokaci bai wuce giram ɗaya ba.

Wani masani Bafaranshe, Pierre Gy, ya shafe rayuwarsa yana tsara ka'idar ɗibar samfuri, musamman a harkar ma'adinai, inda ƙaramin kuskure ke sa a sayi turɓaya da kuɗin zinariya. Ƙa'idojin da masu aikin ke bi a yau biyu ne. A ɗebi kaya yayin da yake cikin tafiya, ba yana jibge ba. Sannan a yanki dukan faɗin kwararar na ɗan lokaci kaɗan, sau da yawa, maimakon a tsaya a gefe ɗaya ana tara na wuri guda. A ɗakin gwaji kuma akwai na'ura mai juyawa da ke rarraba samfurin cikin ƙananan kwalabe daidai wa daida. Na'urar auna ƙwayoyi komai tsadarta, idan aka ba ta gurɓataccen samfuri, za ta ba ka amsa mai kyan gani a kan abin da ba shi ne kayanka ba.

Auna girman ƙwayoyi: me ya sa ɗakunan gwaji biyu ke saɓawa

Hanya mafi daɗewa ita ce tankaɗe. Ana jera rariyoyi, mai manyan ramuka a sama, mai ƙanana a ƙasa, a girgiza na ƙayyadadden lokaci, a auna abin da ya tsaya a kowace. Rariya mai lamba 200, wadda masu gwajin ƙasa da kayan gini suka sani sosai, ramukanta mikiron 75 ne. Idan kaya ya fi haka laushi sosai, tankaɗe yakan gaza, domin ƙwayoyin suna mannewa su toshe ramukan.

Daga nan sai a koma ga hasken leza. Ana watsa ƙwayoyin a cikin iska ko ruwa, a haska su. Ƙanana suna watsa hasken da faɗi, manya kuma a tsuke, sai kwamfuta ta juya wannan zuwa alƙaluma. Sakamakon ba lamba ɗaya ba ce. Ana ba da tsakiyar girma, wato inda rabin kayan ya fi shi ƙanƙanta, sannan a ba da girman da kashi 10 na kayan bai kai ba, da wanda kashi 90 bai kai ba. Wanda ya kalli tsakiyar kaɗai ya yaudari kansa, domin kaya biyu za su iya yin tsakiya ɗaya, alhali ɗaya cike yake da ƙura, ɗayan babu.

Sai dai akwai wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Lissafin na'urar leza yana ɗaukar kowace ƙwaya a matsayin ƙwallo. Ƙwayoyi kuwa akwai masu siffar allura, akwai masu faɗi kamar ɓawo. Allura za ta iya tsayawa a tsaye ta ratsa ramin rariya, a rubuta ta cikin ƙanana, leza kuma ta gan ta a kwance ta ƙidaya ta cikin manya. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shi ya sa rigimar mai sayarwa da mai saye kan cewa kaya bai cika sharaɗi ba, sau da yawa idan aka bi diddigi, sai a tarar kowa da hanyar da ya auna. Lambar girma da ba a faɗi hanyar auna ta ba, ba ta da amfani.

Wannan ba batun injina kaɗai ba ne. A farkon shekarun 1970 likitoci a Birtaniya da Amurka suka lura cewa ƙwayoyin maganin zuciya na digoksin, masu ɗauke da adadi ɗaya a rubuce, suna shiga jini da bambanci mai yawa. Bincike ya nuna laushin garin maganin da saurin narkewarsa na cikin manyan dalilai. Shi kuma magani ne da tazarar da ke tsakanin warkarwa da cutarwa ƙarama ce. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa gwajin narkewa ya zama dole a kan ƙwayoyin magani da yawa.

Kwarara: dalilin da rumbu ke cijewa

Wanda ya taɓa shiga masana'anta zai ga ƙasan manyan rumbunan ƙarfe, wurin da ya tsuke kamar mazurari, duk ya lotsa da tabon guduma. Ma'aikata ne ke dukansa don kaya su sauko. Wannan tabo shaida ce cewa an gina rumbun ba tare da an tambayi halin abin da za a zuba a ciki ba.

Tun 1895 wani injiniya Bajamushe, Janssen, ya nuna cewa ƙwayoyi ba sa danna ƙasan rumbu yadda ruwa ke yi. A tankin ruwa, iya zurfi iya matsi. A rumbun ƙwayoyi kuwa, bango ne ke ɗauke yawancin nauyin ta hanyar gogayya, har matsin ƙasa ya kai wani matsayi ya daina ƙaruwa. Wanda ya tsara rumbu da lissafin tankin ruwa zai iya wayar gari bangon ya lanƙwashe.

Toshewa iri biyu ce. Ko dai kayan ya yi baka a saman mafita, ya riƙe kansa, ƙasa wayam. Ko kuma ya huda rami a tsakiya kamar na ɓera, na tsakiya ya zube, na gefe ya zauna wata da watanni yana tsufa yana dunƙulewa. Dukansu suna kashe mutane, domin ma'aikaci yakan shiga ciki ya buɗe, kayan su rufto masa.

Andrew Jenike, a Jami'ar Utah, shi ne ya fito da mafita a farkon shekarun 1960, rahotonsa na 1964 kuma har yau da shi ake aiki. Ana danne samfuri a cikin wani ɗan mazubi, a ture rabinsa na sama har ya zame, a auna ƙarfin da hakan ya ci a matsi daban-daban. Da waɗannan alƙaluma ake fitar da faɗin da mafita take buƙata da karkatar da bango zai yi don komai ya sauko tare.

Akwai gwaje-gwaje masu sauƙi. Ana zuba kaya su yi tsibi a auna tsayuwar gangarensa. Ko a zuba a kwalbar awo, a bubbuga ta sau ɗaruruwa, a ga yadda ya zauna. Misali, idan giram 100 ya cika mililita 200 a sake, ya koma 150 bayan bubbugawa, rabon ya zama 1.33. Wannan shi ne ma'aunin Hausner, kuma abin da ya haura 1.25 ana ɗaukarsa mai wuyar kwarara. Gwaji ne na minti kaɗan, yana da kyau wajen kwatanta kayan yau da na jiya. Amma gina rumbu a kansa kaɗai ganganci ne, tunda bai san abin da zai faru ba idan kayan ya kwana uku ƙarƙashin nauyin tan hamsin a lokacin zafi da laima.

Danshi

Ruwa kaɗan yana haɗa gada tsakanin ƙwayoyi. Idan ya bushe, gadar ta zama dutse, kaya ya dunƙule. Ana auna danshi ta busar da samfuri a ga nauyin da ya ragu, ko ta hanyar sinadarai ta Karl Fischer, wadda aka fito da ita a 1935, mai nuna ruwa zalla ba duk abin da zafi ya kora ba.

Ruwa mai yawa kuma wata fitinar ce. Garin ma'adinai mai danshi, idan jirgin ruwa ya yi ta girgiza shi, yakan koma kamar taɓo, ya tuttulo gefe ɗaya ya kifar da jirgin. Jirgin Bulk Jupiter ya nutse a gaɓar Biyetnam a watan Janairun 2015 ɗauke da boksait, ma'adinin da ake fitar da aluminiyam daga cikinsa, mutum ɗaya kacal ya tsira cikin 19. Dokar jigilar irin wannan kaya a teku ta tanadi a gwada iyakar danshin da kaya zai iya ɗauka kafin a loda shi.

To, batun fashewar

Wuta tana buƙatar abu uku: abin ƙonewa, iskar oksijin da abin kunnawa. Fashewar ƙura tana ƙara biyu: ƙurar ta tashi ta gauraya da iska, kuma wurin ya kasance a rufe. Curin sukari a kan wuta narkewa yake yi a hankali, saboda bayansa kaɗai iska ke taɓawa. Amma ka tuna lissafin ninki dubu. Idan kowace ƙwaya tana rataye, iska ta kewaye ta, duka za su ƙone cikin ƙiftawar ido, iskar ta kumbura, bango ya rasa yadda zai yi. Yashi da siminti ba sa yin haka, domin ba su da sauran abin ƙonewa a jikinsu. Sukari, sitaci, katako, gawayi, roba, aluminiyam da magunguna da yawa suna yi.

Ba sabon abu ba ne. A ranar 2 ga Mayun 1878 masana'antar niƙa fulawa ta Washburn a birnin Miniyapolis ta fashe, mutum 18 suka mutu. A ranar 7 ga Fabrairun 2008, matatar sukari ta Imperial Sugar a jihar Jojiya ta Amurka ta tashi, mutum 14 suka rasu. Hukumar binciken haɗuran sinadarai ta ƙasar ta gano wani abin takaici: an rufe bel ɗin da ke jigilar sukari a ƙarƙashin rumbuna da faifan ƙarfe don kare kayan daga datti, sai rufin ya tara ƙura a wuri matsattse har ta kai matakin fashewa. Gyara ne ya zama sanadi. A Kunshan ta ƙasar Sin kuma, a watan Agustan 2014, ƙurar aluminiyam a masana'antar goge ƙafafun mota ta hallaka mutum 146.

Fashewar farko yawanci ƙarama ce. Girgizarta ce ke kakkaɓo ƙurar da ta daɗe kwance a kan ƙarafan rufi, bututu da saman injina, ta biyu ta kama, ta uku ta biyo, su bi ginin ɗaki-ɗaki. Ƙurar da kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, idan ta shimfiɗu a wuri mai faɗi, ta isa. Wato tsintsiya da na'urar zuƙe ƙura suna cikin kayan kare rai, ba na ado ba ne.

A ɗakin gwaji, ana hura samfuri cikin wata ƙwallon ƙarfe mai cin lita 20, a kunna masa wuta, a auna iyakar matsin da saurin hawansa. Da wannan ake sa ƙura a aji na ɗaya, na biyu ko na uku, garin aluminiyam mai laushi yakan faɗa na ukun, wato mafi tsanani. Ana kuma auna mafi ƙarancin tartsatsin da zai kunna ta. Wasu ƙurar, ɗan tartsatsin lantarkin da ke fita daga jikin mutum ya ishe su. Da waɗannan lambobi ake ƙayyade girman ƙofofin da za su ɓalle su saki matsi waje. Kuma kwafo lambar daga littafi ba ya wadatarwa, domin ƙurar abu ɗaya, idan laushi ko danshi ya bambanta, halinta ya bambanta. Kama da wane ba ta wane.

Babu misalin da ya fi na masana'antar taki ta Oppau a Jamus nuna haka. A can, cakuɗen takin amoniyam salfet da amoniyam naitiret yakan dunƙule a rumbu ya yi tauri, sai a fasa shi da nakiya. An yi hakan sau dubbai lafiya lau, kuma gwaje-gwajen farko sun nuna cakuɗen ba ya fashewa. Daga baya aka sauya hanyar busar da takin, ya fito da laushi, da ƙarancin danshi, ba a matse ba kamar da. Suna bai canza ba. A ranar 21 ga Satumban 1921 aka sa nakiya kamar kullum, fiye da mutum 500 suka mutu.

Sarrafawa: me ya sa ake niƙawa, sannan a sake curawa

Abin kamar wasa: a kashe kuɗin wuta a niƙa abu, sannan a sake kashe wani a mayar da shi tsaki. Hikimar ita ce laushi yana da amfani wajen narkewa da haɗuwa, amma yana da sharri wajen ɗauka da zubawa. Don haka sai a gauraya garin da kyau, a cura shi ƙananan ƙwayoyi, kowace ƙwaya tana ɗauke da kowane sinadari daidai rabonsa. Ba zai sake rarrabuwa ba, ƙura ta ragu, kwarara ta gyaru. Ana yi da ɗan ruwa mai danƙo sannan a busar, ko a matse shi a bushe tsakanin naɗaɗɗun ƙarafa biyu idan ba ya son ruwa, ko a fesa shi yana ruwa-ruwa cikin iska mai zafi ya sauko a bushe.

A masana'antar magani wannan mataki ba abin wasa ba ne. Injin buga ƙwaya ba ya auna nauyi, rami yake cikawa. Idan ainihin maganin miligiram ɗaya ne a cikin ƙwaya mai miligiram 100, ƙaramar rarrabuwa a mazurari ta isa ta sa wata ƙwayar ta yi ƙarfi, wata ta zama kusan fanko. Gaurayawa ma tana da iyaka, idan aka zarce lokaci wasu cakuɗen sukan fara rabuwa.

Inda ake ja-in-ja, da abin da ya shafi kowa

Masu masana'antu, musamman ƙanana, suna kukan cewa cikakken gwaji yana cin kuɗi da lokaci, kuma sakamakon ƙaramin mazubi ba kullum yake daidai da na babban inji ba. Kukan nasu na biyu gaskiya ne, shi ya sa ake yin gwaji a matsakaicin inji kafin a gina babba. Na farkon kuwa ban gamsu da shi ba, idan aka kwatanta da asarar layin da ke tsayawa kullum ana dukan rumbu.

A wajen doka ma ba a daidaita ba. Tarayyar Turai tana da dokokin da suka tilasta tantance duk wurin aikin da iska ko ƙura za ta iya fashewa. A Amurka, hukumar binciken haɗuran sinadarai ta nemi a yi doka guda kan ƙura mai kamawa tun 2006. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta fara shirin a 2009, daga baya aka jingine shi.

Ma'aikaci shi ne na farkon shan wahala, kuma ba ta fashewa kaɗai ba. Ƙwayoyin da ba su kai mikiron 10 ba suna wuce hanci da maƙogwaro, mafiya ƙanƙanta su isa can cikin huhu. Ƙurar silika, sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu, tana taurara huhu, cutar kuma ba ta warkewa. Yawaitarta a tsakanin matasa masu yankan dutsen haɗi da ake shimfiɗawa a saman teburin kicin ta sa Ostireliya ta haramta wannan dutse daga 1 ga Yulin 2024. Manomi kuma, idan takin da aka cakuɗa ya rarrabu a hanya, wani ɓangaren gonar zai sha sinadari ɗaya fiye da kima, wani ya rasa.

Akwai kuma iyakar da gwajin kansa yake da ita, wadda mai saye ya kamata ya sani. Gwaji yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Hanyar Kjeldahl ta 1883, da aka daɗe ana auna furotin da ita, ba furotin take gani ba, naitirojin take aunawa a ninka. A 2008 a ƙasar Sin, wasu suka riƙa zuba melamin, sinadarin yin roba wanda kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne, a cikin madarar da aka tsarma da ruwa. Madarar garin jarirai ta tsallake gwaji da lambobi masu kyau. Jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwon ƙoda da mafitsara, aƙalla shida suka rasu. Sai bayan haka ne gwajin neman melamin shi kansa ya shiga jerin abubuwan da ake dubawa a madarar gari.